Sarewa da Fiyano: Waye Zai Bi Wani?

Akwai wani nau'in kiɗa a ƙasashen Turai da ake rubuta wa makaɗa 'yan kaɗan, kowa da nasa kaso, kuma a ɗaki ake yinsa ba a dandali ba. Alal misali, a shekarar 1784 Mozart ya rubuta irinsa domin fiyano da kayan busa guda huɗu. Wannan ɗan rubutu zai duba abin da kan faru idan aka ajiye kayan busan Turai aka ɗauko namu.

Ni dai ba Bahaushe ba ne. A kasuwar Wuse na fara tsintar Hausa, kuma har yau karin sauti ne ke ba ni wahala. Na sha cewa wuya ta kama ni alhali wuyana nake nufi. Ashe wannan matsala za ta bi ni har cikin kiɗa.

A hutun da ya wuce, ni da wani abokina mai buga fiyano a Garki muka rubuta ɗan gajeren kiɗa, muka gayyaci wani mai sarewa daga Gwagwalada. Tun farko algaita muka so, sai muka fasa. Algaita ta fili ce, ta hawan sarki, irin wadda ake ji a Suleja, garin da a da shi ake kira Abuja. Mai busa ta yakan tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. A cikin ɗaki sai ta danne fiyano gaba ɗaya.

Sarewar ma ba ta zo da sauƙi ba. Fiyano tana da maɓallai 88, kuma kowane sauti a kafe yake. Ita kuwa sarewa takan ratsa tsakanin maɓalli da maɓalli, wurin da fiyano ba ta da komai. Abokina ya ce mai busa ya kauce. Shi kuma ya ajiye sarewarsa ya ce, “Malam, ni magana nake yi, akwatinka ne bai iya Hausa ba.”

Gaskiyarsa. Busar Hausa sau da yawa take ce ko kirari, tana hawa da sauka yadda kalmomin suke hawa da sauka a baki. Mu kuwa mun ɗora sauti mai hawa a kan gaɓar da ya kamata ta sauka, wato kuskuren nan nawa na wuya.

Mafitar da muka samu ba sabuwa ba ce. Marigayi Akin Euba (1935–2020) ya daɗe yana koyar da cewa fiyano za ta iya yin aikin ganga. Muka bar wa sarewa zancen, fiyano ta koma kamar kalangu, tana maimaita ɗan gajeren salo a ƙasa-ƙasa, tana shiga inda mai busa ya tsaya shan iska. Haka kuma Yusef Lateef, mabushin nan na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani, bai ce ita ta bi shi ba.

Ɗan'uwa ɗalibi, idan za ka gwada, fara rubuta jimlar Hausa, ka sa mata alamun karin sauti kamar yadda muke yi a aji, sannan ka nemi sautin kiɗan. Namu kiɗan minti uku ne kacal, amma sai da muka sake rubuta shi sau biyar kafin mai sarewa ya yarda ya busa.