Karatun Injiniya Mai Tsara Ƙira a Jami'a

Kowane kayan aiki da hannun ɗan Adam ke riƙewa, tun daga fartanya har zuwa jirgin sama, sai da wani ya yanke shawarar yadda zai kasance kafin a ƙera shi: tsawonsa, da kaurinsa, da irin ƙarfen da za a sa, da wurin da zai fi shan wahala in an kama aiki. Maƙerin gargajiya yana riƙe da wannan sani a kansa, ya gaje shi wurin mahaifinsa, kuma ya ishe shi ƙera garma wadda za ta shekara da shekaru tana huɗa. Amma idan abin ya zama inji mai sassa ɗari, wanda mutane goma za su ƙera a wurare dabam dabam, sa'an nan a zo a harhaɗa, to ba ya riƙuwa a ka. Tilas a zana shi, a yi masa lissafi, a gwada shi. Mai wannan aiki shi ne injiniya mai tsara ƙira. An shirya wannan takarda domin ɗaliban sakandare masu sha'awar wannan fanni, da iyayensu, da malaman da ke ba su shawara.

A ƙasar nan an saba kiran duk wanda ya iya kwance inji ya ɗaure da sunan injiniya. Ba raina makaniki ake yi ba, gama in babu shi mota ba ta kwana biyu a kan hanya. Sai dai aikin nasu ya bambanta. Makaniki yana mai da abu yadda yake a dā. Mai tsara ƙira kuwa yana fitar da abin da babu shi, ko ya sake wa wanda ake da shi fasali don ya fi ƙarko, ko ya fi araha, ko ya rage haɗari.

Yadda aikin yake

Misali zai fi bayani. A ce wata ƙungiyar manoma ta nemi a yi mata injin casar dawa. Motar lantarki irin wadda aka fi samu a kasuwa tana juyi kimanin 1,450 a minti ɗaya. A ce kuma gwaji ya nuna gangar da ke bugun zangarniya ba ta son ta wuce juyi 580, in ta wuce sai ta riƙa farfasa ƙwaya. Ɗalibi zai koyi cewa faifai biyu da bel ya haɗa su, saurinsu yana bin faɗinsu ne a juye. Idan faifan jikin motar yana da faɗin santimita 10, aka sa na santimita 25 a jikin gangar, to 1,450 sau 10 a raba da 25, ya ba da 580. Wannan shi ne mai sauƙin.

To, amma da sauri ya ragu, ƙarfin murɗa da ke kan sandar ƙarfen da ke ɗauke da gangar ya ƙaru ninki biyu da rabi. Sai a tambaya, wane kauri ya kamaci sandar? A nan akwai ƙa'ida mai ban sha'awa. Idan aka ninka kaurin sanda sau biyu, juriyarta ga murɗa tana ƙaruwa ninki 8, alhali kuwa nauyinta, da kuɗin ƙarfenta, ninki 4 suke ƙaruwa. Wanda bai san lissafi ba, ɗayan biyu ne: ko ya sa siririya ta karye ana tsakiyar kaka, ko tsoro ya sa ya zuba ƙarfe har injin ya fi ƙarfin aljihun manomi, ya kuma gagari amalanke. Injiniya yana lissafa nauyin da sandar za ta ɗauka, sa'an nan ya ƙara wani rabo na kariya a kai, domin ƙarfen kasuwa ba kullum yake cika yadda aka faɗa ba, masu aiki kuma sukan ɗura wa inji fiye da kima.

Bayan lissafi akwai tambayoyin da ba a samun amsarsu a littafi. Wa zai tsaya gaban injin, namiji ko mace, kuma ina tsayin bakin zubawar zai kai? Boris ɗin da aka zaɓa, ana samun irinsa a kasuwar garin da ke kusa, ko sai an aika Legas? Ƙurar hunturu za ta shiga ina? An rufe bel ɗin kuwa? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ake sa babbar riga da mayafi, domin bel mai gudu ba ya sakin tufa in ya kama. Har zafin rana yana da nasa lissafi: ƙarfe mai tsawon mita 10 yana ƙara kimanin milimita 3.6 idan zafi ya hau da digiri 30, watau kamar tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara. Abin kamar ba kome ba, amma in ba a bar masa wurin miƙewa ba, shi zai nema wa kansa.

Ba lalle ne kyakkyawar ƙira ta zama mai tsada ba. A shekarun 1990 wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin da ke ciki. Yalo da kan lalace cikin kwana 3 ya riƙa kai kwana 27. An ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar tana ci ne domin iskar Arewa busasshiya ce. A bakin teku, inda iska ke cike da laima, ba ta yin sanyi haka. Sanin wurin da abu zai yi aiki rabin ƙira ne.

Abin da kuskure ke jawowa

Akwai labarin da ake koya wa ɗaliban injiniya a ko'ina cikin duniya. A 1952 Ingila ta fara ɗaukar fasinja da Comet, jirgin sama na farko mai injin jet da ya shiga wannan aiki. A watan Janairu na 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka mutu. A watan Afrilu wani ya sake tarwatsewa kusa da Naples da mutum 21. Aka dakatar da jiragen duka. Masu bincike a Farnborough suka sa gangar jikin wani Comet cikin wani ƙaton tankin ruwa, suna ɗura mata ruwa suna ragewa, don su kwaikwayi yadda take kumbura in jirgi ya yi sama, ta kuma saki in ya sauko. Da aka kai kimanin sau 3,000, in an haɗa da tafiye-tafiyen da jirgin ya riga ya yi, sai ta tsage daga kusurwar wata taga.

Dalili shi ne abin da ake kira gajiyar ƙarfe. Kowane yaro ya san in ana lanƙwasa waya ana miƙewa, a ƙarshe za ta karye, ko da yake lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata kome. Kowane tela kuma ya san yadi daga inda aka ɗan tsaga shi yake yagewa. Haka nauyi yake taruwa a kusurwa mai kaifi da bakin ramin ƙusa. Waɗanda suka tsara Comet ba jahilai ba ne, suna cikin gwanayen zamaninsu, amma gwajin da suka yi tun farko bai tona wannan rauni ba. Shi ya sa ake tsananta wa ɗalibi a kan gwaji, har ya riƙa ganin kamar malamai mugunta suke yi masa.

Inda ake karatun

A wasu ƙasashe fannin yana da digiri na kansa. Kwalejin Imperial ta Landan ta kafa makarantar tsara ƙira a 2014 da gudummawar gidauniyar James Dyson, wanda ya yi samfuri 5,127 kafin injinsa na zuƙe ƙura ya yi yadda yake so. A can karatun shekara 4 ne. A yawancin jami'o'in Nijeriya kuwa ana koyon tsara ƙira ne a cikin digirin injiniyan injuna, ko na kayan aikin gona, ko na sarrafa kaya a masana'anta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ita ce uwa a wannan fanni a Arewa. Akwai kuma Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da waɗansunsu.

A nan sai a yi hattara da suna. A Zariya akwai sashen zayyanar kayan masana'antu, inda ake koyon saƙa da rini, da ginin tangaran, da zane-zanen bugawa. Karatu ne mai daraja, amma ba digirin injiniya ba ne, kuma ba ya cikin tsangayar injiniya. Mai zayyana yana kula da siffar abu da yadda zai dace da mai amfani da shi. Injiniya yana tabbatar da abin zai tsaya, zai yi aiki, zai kuma ƙeru. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ta hanyar zayyana ya bi: ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka ya koyi zayyanar mota, ya shiga kamfanin General Motors a 1994, shi ne kuma ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Batirinta da injinta kuwa aikin injiniyoyi ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai neman shiga yana bukatar kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, a ciki lalle da Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri. Waɗannan huɗun ne kuma zai rubuta a jarrabawar JAMB. Wanda ya yi difloma a kwalejin fasaha, ko ya ci jarrabawar IJMB da kyau, yana iya neman shiga aji na biyu kai tsaye. Masu difloma sau da yawa sukan fi 'yan'uwansu sanin ɗakin ƙira, ko da yake lissafi yakan ba su ruwa a farko.

Karatun shekara 5 ne. Ta farko kimiyya ce da lissafi zalla, har wani ɗalibi yakan yi zaton ya ɓata hanya, don bai ga inji ko ɗaya ba. A ta biyu ake shiga zanen injiniya, da ƙarfin kayan ƙira, da ilmin zafi, da na gudun ruwa da iska, a kuma shiga ɗakin ƙira a koyi walda, da zubi, da sassaƙar ƙarfe a kan inji. Daga ta uku ake fuskantar tsara sassan inji sosai. A ta huɗu ɗalibi yana barin aji wajen wata 6 ya tafi masana'anta, ƙarƙashin shirin SIWES wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. A ta biyar zai ɗauki matsala guda, ya tsara mata inji, ya ƙera, ya gwada, ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa.

Game da watannin nan shida akwai abin faɗa. Waɗansu ɗalibai sukan nemi ofis mai sanyi inda za a sa musu hannu a littafi ba tare da sun taɓa baƙin mai ba. Wannan cutar kai ce. Wata shida a masana'anta, ko wurin maƙeran zamani irin na Panteka a Kaduna, yana koya wa mutum abin da zane ba ya nunawa, misali cewa ramin da aka zana a wani lungu babu makullin da zai iya kai wa notinsa.

Yanzu yawancin zane da kwamfuta ake yi, da manhajoji irin su AutoCAD da SolidWorks, har akwai injunan da ke fitar da samfurin roba kai tsaye daga zanen. Kwamfuta tana da sauri, amma abin da aka ba ta shi take lissafawa. In an ba ta nauyin da ba daidai ba, za ta fito da amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba. Saboda haka har yanzu ana tilasta wa ɗalibi ya iya kimanta amsa da fensir.

Bayan digiri

Digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon sa hannu a zane a matsayin injiniya. Hukumar COREN, wadda dokar 1970 ta kafa, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, bayan mutum ya yi aƙalla shekara 4 yana aiki, ya kuma ci jarrabawar ƙwarewa. Wanda ya sa hannu, shi ke da alhakin abin da ya biyo baya, kuma hukumar tana da ikon soke rajistarsa. Akwai kuma Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1958.

Gaskiya ce masana'antu da yawa a Kano da Kaduna sun rufe, musamman masaƙu, don haka kada iyaye su ɗauka aikin albashi yana jiran yaro a bakin ƙofa. Wuraren da ake ɗauka sun haɗa da kamfanonin siminti da na taki, da masana'antun shinkafa da na mai, da cibiyoyin bincike kamar ta aikin gona da ke Samaru da hukumar NASENI. Waɗansu kuma sukan buɗe ɗakin ƙira na kansu, suna yin injunan casa, da na niƙa, da na matsar gyaɗa, inda mai zane da lissafi yake iya fitar da inji goma iri ɗaya, sashen wannan ya shiga wancan.

Ɗalibin da ke aji huɗu na sakandare, namiji ko mace, ya riƙe lissafi da kyau tun yanzu, ya ɗauki darasin zanen fasaha in makarantarsu tana koyarwa, ya kuma riƙa kai kansa wurin mai walda ko mai gyaran injin ban ruwa lokacin hutu. Kafin a cika takardar JAMB, uba ko malami ya bincika ko hukumar jami'o'i ta NUC da COREN sun amince da kwas ɗin a jami'ar da aka zaɓa, domin wanda ya gama kwas marar amincewa yakan sha wuya wajen rajista.