Wanke Bindiga Da Ruwan Kashe Maiƙo

Manoma da yawa su kan ajiye bindiga don korar birai da gadu daga gona. Yanzu kuwa ga wani ruwan sabulu mai ƙarfi ya cika kantuna, wanda a ke kira ruwan kashe maiƙo. Mata na wanke murhu da tukwane da shi, makanikai na wanke inji. Waɗansu sun fara tambaya, shin a na iya wanke bindiga da shi? Amsa ita ce a na iyawa, amma da sharaɗi. Wanda ya wanke bai busar ba, bai kuma shafa mai ba, gara ma da bai taɓa ta ba.

Abin da ke ɓata bindiga

Albarushi haɗi ne na gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri. In an yi harbi, fiye da rabinsa toka ya ke zama, wata ta bi hayaƙi ta fita, wata ta maƙale cikin bututu. Wannan toka ta na jawo laima kamar yadda gishiri ya ke yi da damina, ta na kuwa cin ƙarfe. Mai ba ya narkar da ita, ruwa ne ke narkar da ita. Saboda haka bindigar toka ba ta bukatar wani magani mai tsada. Ruwan zafi da ɗan sabulu sun isa, muddin an wanke ta ran da aka yi harbi.

Shi ruwan kashe maiƙo aikinsa kwashe mai, kuma ba ya bambanta tsohon mai da ya daskare da ɗan man da ke tsare ƙarfe. Ya kan bar ƙarfen tsirara. Da damina, kafin gari ya waye sai ka ga jar tsatsa ta hau.

Inda ya ke yin ɓarna

Yawancinsa ɗan'uwan kanwa ne da soda. Waɗansu bindigogi masu harsashi na zamani an yi jikinsu da alminiyam, irin ƙarfen tukwanen nan marasa nauyi, shi kuwa soda na cinsa. Kada ruwan ya wuce minti 10 a kansa. Kada ya taɓa icen bindiga, don ya na cire fenti, ice ya bushe ya tsage. Wanda aka haɗa da bilic, ko na wanke bayan gida, a nisance shi sam. Fetur kuma ba abin wanki ba ne, wuta ce.

Yadda za a yi

1. Da fari tabbata babu ɗuri. Mai harsashi, buɗe ta ka duba da idonka. Ta toka, cire abin kunna wuta, ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi alama a kanta, sa'an nan ka gwada ta a bayan bututu. In ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki. Kada ka ɗora fuskarka bisa bakinta.
2. Raba ƙarfe da ice in zai rabu.
3. Sirka maganin da ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalba. Ɗaura tsumma a sanda ka yi ta gogawa, ka na sakewa, har tsumma ya fito fari.
4. Ɗauraye da ruwan zafi ƙwarai. Zafin ne zai sa ƙarfe ya bushe da sauri. Kula da ɗan ramin da wuta ke bi, da wajen kunama, nan ruwa ya kan ɓoye.
5. Nan take shafa man bindiga ciki da waje, kaɗan kawai. In babu, man keken ɗinki ya yi. Man gyaɗa da manja su kan yi danƙo su riƙe kunama.

Ajiya

Jingine ta kai ƙasa bisa busasshen katako don kada mai ya gangara cikin ice. Ajiye albarushi ko harsashi dabam, inda yara ba su kai. Kafin ka ɗura, goge man da ke ciki, ka tabbata ba a manta tsumma ba, zanzaro kuma bai yi gini ba. Bututun da ya toshe, ko wanda tsatsa ta rarake, shi ke fashewa ya raba manomi da yatsunsa ko idonsa. In ka ga ramuka ko tsaga, daina harbi da ita.

A tuna kuma, dokar bindigogi ta 1959 ta na nan da ranta. Kowa ya je wurin 'yan sanda ya tabbata takardarsa ta cika. Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka, amin.