Kututture Bai Mutu Ba

Jama'a, an rubuta wannan 'yar takarda ne domin manoman doya, da makiyaya, da masu ƙona gawayi, da mata masu tsintar kaɗanya na Partago da sauran ƙauyukan da ke kan hanyar Jugu zuwa Paraku. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba.

Duk wanda ya bi wannan hanya a watan Fabrairu ya san abin da ido ke gani: buhunan gawayi jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ciyawa, bayansu kuma ƙasa baƙa ƙirin inda gobara ta wuce. Baƙo ya gani ya ce ai daji ya ƙare. To, kada ka yi saurin yarda da shi. Sauka daga mota, ka taka cikin tokar nan, ka nemi kututturen doka. Za ka tarar ya fid da tofo jajaye masu sheƙi kamar an shafa musu mai, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba tun watan Oktoba. Ina ya samo ruwa? A ƙarƙashin ƙasa. Gatari ya ɗauke gangar jiki, wuta ta lashe rassa, amma saiwa tana nan da ranta, da abincin da ta tara shekara da shekaru.

Wannan abu da manomi ke tsallakewa kullum, masana sun daɗe suna bin diddiginsa, har a ƙasashen da ba su san kaɗanya ba.

Abin da aka gano a ƙasashen sanyi

Can arewacin duniya akwai wani daji da ya ratsa Kanada da Alaska, ya bi ta Suwidin da Finlan, ya mamaye Rasha. Ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na dukan dazuzzukan duniya. Yawancin itatuwansa ganyensu sirara ne kamar allura, ƙanƙara kuwa takan lulluɓe shi wata da watanni. Duk da sanyin nan, gobara ce ke mulkinsa. A shekarar 2023 kaɗai wuta ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a Kanada, ya fi faɗin Jamhuriyar Benin baki ɗaya.

Masu bincike sukan koma wurin da ya ƙone, su kafa turaku, su riƙa ƙidayar abin da ya tsiro shekara bayan shekara. Sun ga cewa dajin ya san wuta, ya kuma yi mata tanadi. Akwai itacen da ke kulle irinsa cikin kwanso, ya liƙe shi da ƙaro, ba ya buɗewa sai zafin wuta ya narkar da ƙaron, sannan iri ya zube a kan toka. Akwai wanda ke tofowa daga saiwa, kamar dokarmu. Shekarun farko bayan gobara ma sukan fi yawan furanni da ƙananan tsirrai, don rana ta sami hanyar kaiwa ƙasa. Sai dai akwai sharaɗi. A dā tsakanin gobara da gobara akan yi shekara 50, ko 100, ko fiye. Inda wuta ta dawo da wuri, kafin sababbin itatuwa su isa yin iri, sai a ga dajin ya kasa komawa yadda yake, wasu tsirrai dabam sun gaje wurin. Ashe duka ɗaya ba ya kashe daji. Abin da ke kashe shi shi ne a sake dukansa bai warke ba.

Gwajin da aka yi kusa da mu

Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne. A 1936 wani masanin daji Bafaranshe, André Aubréville, ya yanki filaye uku a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa, kowane hekta 2. Na farko aka hana wuta taɓa shi sam. Na biyu ana sa masa wuta da farkon rani, ciyawa na da sauran danshi. Na uku sai rani ya tsananta, komai ya bushe ƙayau. Aka yi ta haka shekaru masu yawa. Filin da aka tsare ya zama kurmi, rassa sun haɗe. Na wutar wuri ya riƙe itatuwa da dama, musamman inda ƙasa ke da ƙarfi. Na wutar ƙurewar rani kuwa ya koma fagen ciyawa, sai 'yan itatuwa masu kaurin ɓawo jefi-jefi. Ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, bambancin kawai ranar da aka ƙyasta ashana.

Mai farautar gafiya da ke cinna wa daji wuta a watan Maris ya yi wa kansa hisabi. Wutar Nuwamba tana rarrafe ne, ta ci busasshiyar ciyawa ta bar tofo. Ta Maris tana tashi sama da kan mutum, ta dafa ɗan itacen da ya shekara uku yana fama. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ni dai har yau ban ji kasuwar da ake sayen tokar daji ba.

Doya da saura

Doya tana son sabuwar ƙasa, kowa ya sani. Manomi ya sassabe daji, ya tara wuta a gindin manyan itatuwa su bushe a tsaye, doya ta hau su. Bayan doya a sa masara ko dawa ko rogo, in ƙasa ta gaji a bar ta saura. Kakanni sun yi haka daji bai ƙare ba, domin sukan bar saura ta huta har yaron da aka haifa shekarar barinta ya isa riƙe fartanya.

Dawowar daji tana da tsari, kamar shigowar ayari zango. (Mutanen Jugu ba sa bukatar a yi musu bayanin ayari, ta garinsu, da fatake ke kira Zugu, ake bi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro.) Masu saurin ƙafa su ke fara isowa: tofa da ƙananan ciyayi, sai gamba ta biyo. Daga nan kalgo da taura da baushe da maje su taso daga tsofaffin saiwoyi. Madugai su ne a baya, wato kawo da maɗaci da madobiya, masu son a ba su shekaru. In aka koma aka nome saurar bayan shekara uku ko huɗu, kullum 'yan gaba ne ke isowa, na baya ba su taɓa sauke kaya ba. A haka za a wayi gari ƙauye yana da kore ko'ina, amma babu itacen da za a sassaƙa turmi.

Na taɓa tsayawa a gonar wani dattijo yana tumɓuke kututture, zai dasa yazawa, wato kashu. Na ce, "Baba, wannan ai da ransa." Ya share gumi ya ce, "Malam, da ransa, amma ba ya biyan kuɗin makaranta." Ban iya ce masa komai ba, don gaskiya ya faɗa. Yazawa ta rufa wa gidaje da yawa asiri a Donga da Borgu, ba mai musun wannan. Abin da ya kamata a sani kawai shi ne gonar yazawa gona ce, ba daji ba. Iri ɗaya ne a cikinta tun daga wannan iyaka har waccan. Ba ta ba mace kalwar daddawa, ba ta ba mai magani sassaƙe, ba ta ba saniya ganye da bazara.

Shi ya sa masu bincike ba sa gamsuwa da ganin kore. Ɗaliban aikin gona na Jami'ar Paraku, wadda aka buɗe a 2001, da na Abome-Kalabi, in sun shiga dazuzzukan gwamnati irin su Wari-Maro sukan auna fili da igiya, su rubuta sunan kowane tsiro, su gwada kaurin kowace bishiya daidai ƙirjin mutum, mita 1.30 daga ƙasa. Sannan su durƙusa su ƙirga 'ya'yan itatuwa. Wannan ƙidaya ta ƙarshe ita ce mai faɗin gaskiya: dajin da ke da manyan kawo amma babu ƙanana, gari ne na tsofaffi zalla. Littafin tsirran Benin da aka buga a 2006 ya lissafa iri kusan 2800. Kai mai karatu, nawa za ka iya kira da suna a bayan gidanku?

Madobiya ta fi kowa shan wuya. Makiyayi yana sassare mata rassa da rani, ita da kawo da maɗaci, har ba ta samun yin fure ta zub da iri. Sai kuma ga 'yan katako, masu kiranta koso, suka riƙa lodinta zuwa Sin. Abin ya kai a 2016, a wani taro da aka yi a Johannesbag, ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a fataucinsu sai da izini.

Darasin Maraɗi

'Yan'uwanmu na Maraɗi sun riga mu shiga wannan hali, da ruwan sama da bai kai rabin namu ba. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tofon tsofaffin kututture ne. Manoma suka fara barinsu suna gyarawa, suka sa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar.

Yadda ake yi ba wuya. In ka zo sassabe ka tarar da kututture ya fid da tofo goma, zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, kana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawo, ka bar na sama. Ɗaura wani tsumma a jiki, yaro da makiyayi su san mai shi na so. Share ciyawa taku biyu kewaye da gindi kafin iskar hunturu ta fara. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake ragewa. Abin da ka yanke na murhu ne.

Dashe ma yana da kyau, kuma ran 1 ga Yuni kowace shekara ranar bishiya ce a Benin. Amma dashen yana bukatar ban ruwa da shinge, tofo kuwa ya zo da rijiyarsa. Game da wuta, dokar daji ta 2 ga Yuli 1993 ta hana sakin gobara barkatai, ta yarda da wutar wuri bisa tsari. Kafin ƙarshen Oktoba mai gari ya tara manoma da Fulani da mafarauta, a aika wa ma'aikatan gandun daji na Jugu su faɗi lokacin da aka tsayar na bana, a share hanyar tare wuta kewaye da gonakin yazawa da saurar da ake so ta huta, sannan a sa wutar da yamma lis, bayan iska ta kwanta.