Masu gadin RAM: me ya sa cif ɗin wayarka ke da IOMMU fiye da ɗaya?

Darasinmu na yau zai shiga can cikin hanjin waya, wurin da ko mai gyara a Farm Centre ba ya gani da ido, domin abin yana cikin cif ɗin ne kansa. Sunansa IOMMU. Galibin Tecno da Infinix da itel da ke hannun matasan Kano cif ɗin MediaTek ko Unisoc ne a cikinsu, don haka da MediaTek za mu fi kafa misali.

Mu fara da matsalar da aka ƙirƙiro shi ya magance. Kanel ɗin Linux, wanda shi ne zuciyar Android, yana yanka RAM gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa galibi KB 4, ana kiranta shafi. Idan waya ta daɗe a kunne, ana buɗe manhajoji ana rufewa, sai shafukan da ba kowa a ciki su warwatsu, ɗaya nan ɗaya can. Furosesa ba ruwanta, tana da tafintanta mai suna MMU da ke haɗa mata su. Amma kyamara da sashen da ke zana hoto a sikirin da mai warware bidiyo ba sa bi ta wajen furosesa. Kai tsaye suke ɗiba su zuba a RAM, abin da ake kira DMA.

Ɗauki sikirin mai ɗigo 720 a faɗi, 1,600 a tsawo. Idan kowane ɗigo ya ci bayit 4, hoto guda ya zama bayit 4,608,000, wato shafi 1,125 cif-cif, kuma sau 60 ko 90 ake karanta shi a kowace daƙiƙa. Samun shafi 1,125 a jere a wayar da ke da RAM 3GB, WhatsApp da TikTok duk a buɗe, sai an sha wuya. A nan IOMMU yake shigowa: ya tsaya tsakanin sashen da RAM, sashen ya riƙa ganin adireshi a jere, shi kuma ya duba teburin da kanel ya rubuta masa ya kai kowane shafi inda yake na gaskiya. Aikinsa na biyu gadi ne. Duk adireshin da ba ya cikin teburin, ba a shiga.

To me ya hana a sa guda ɗaya a huta? Wanda ya taso a Goron Dutse ya san amsar tun kafin a ƙirƙiro waya. A wannan ɓarin birnin kaɗai akwai Ƙofar Kansakali da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Waika, kowace a da can da Sarkin Ƙofarta. Da ƙofa ɗaya aka yi wa badala, da fatake sun kwana a layi. Haka cif yake. Bidiyo da kyamara suna jan kaya mai yawa, idan aka tura su ƙofa guda sai cunkoso, hoto ya riƙa cijewa. Sannan kowane sashe da nasa makunnin wuta, don a kashe wanda ba ya aiki a tattala batir, mai gadinsa ma ya kwanta tare da shi.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. MediaTek na cewa M4U, Qualcomm na amfani da SMMU na kamfanin Arm, ɗaya na yawancin sassa, wani daban na sashen zanen wasanni Adreno. Samsung na da System MMU a Exynos, Apple kuma DART. Cif ɗin MT8195 na MediaTek, wanda ake sawa a kwamfutocin Chromebook, yana da uku: biyu na hoto da bidiyo, ɗaya na PCIe da USB. An shigar da tallafinsa a asalin Linux a shekarar 2022.

Yawan masu gadi kuwa kanel ne ke ɗaukar nauyinsa. Da farko sai ya san wace ƙofa ce ta wane sashe. Cif ɗin waya ba ya gabatar da kansa, taswira ake rubutawa a haɗa da manhajar wayar, tana cewa kyamara ta ƙofa kaza take bi, sikirin ta kaza. Sai kuma a yanke shawara ko kowane IOMMU da teburinsa, ko su yi tarayya. A MT2712, M4U biyu ne amma teburi ɗaya suke dubawa, don hoton da wani sashe ya ajiye, ɗayan ya same shi a adireshi ɗaya.

Wurin da ya fi tsauri shi ne mantuwa. Kowane IOMMU yana da 'yar ma'ajiyarsa, TLB, inda yake haddace adireshin da ya saba fassarawa don kada ya riƙa komawa teburi. Ka ɗauki hoto, ka rufe kyamara, kanel ya karɓe shafukan ya ba manhajar bankinka. Goge suna daga teburi bai isa ba. Dole ya bi masu gadin da ke duba wannan teburin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zubar da haddarsa. Idan aka tsallake guda, yana iya ci gaba da buɗe wa wani sashe hanya zuwa shafin da yanzu na wani ne. Idan kuma mai gadin yana barci an kashe masa wuta fa? Direban MediaTek a Linux ba ya tashinsa, sai dai da zarar ya farka ya sa shi ya goge haddar gaba ɗaya kafin ya fara aiki. A ganina wannan dabara ce mai kyau: batir bai tafi a banza ba, ƙofa ma ba ta zauna da tsohon lissafi ba.

Kada a ɗauka hasashe ne. A watan Afrilu na 2017 masu binciken tsaro na Project Zero a Google suka nuna ana iya ƙwace cif ɗin Wi-Fi na Broadcom ta iska, ba tare da mai waya ya taɓa komai ba. A Nexus 6P da Galaxy S7 Edge sun tarar babu abin da ya tare wannan cif daga rubutu a RAM ɗin kanel. An sa wa wasu ƙofofin gadi, an bar ta Wi-Fi a buɗe.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne filashin. Waya biyu na iya yin kama, har sunansu ya kusa zama ɗaya, amma cif ko taswirar sassansu ta bambanta. Idan aka ɗora wa waya fayil ɗin wata, kanel zai nemi ƙofofi inda babu su, kuma wannan na cikin dalilan da waya ke kunnuwa bayan filashin amma kyamara ta ƙi buɗewa ko sikirin ya tsaya baƙi. Kafin ka miƙa ta, duba lambar samfurinta a bayan kwali ko a Saituna, ka tabbata mai gyara ya dace da ita harafi da harafi.

A Saitunan dai, ƙarƙashin bayanin sigar Android, za ka ga lambar kanel da ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Gyaran direbobi irin na IOMMU ta sabuntawar da kamfani ke turowa yake iso maka, babu manhajar Play Store da za ta yi shi. Idan za ka sayi waya ta hannu, duba wannan ranar kafin a fara ciniki.