Darasi na 14: Na'ura Mai Sanin Lokacin Kwanciya

Mu mutanen Banga mun san fitilar titi mai aiki da hasken rana. Da magariba ta kunna kanta, gari na wayewa ta mutu, ba mai taɓa ta. Yau za mu ga yadda ake koya wa kwamfuta irin wannan hali.

A shekarar 2012, a birnin Landan na ƙasar Ingila, aka buɗe wani ɗaki a gidan fasaha na Barbican, ana ce da shi Ɗakin Ruwan Sama. Ruwa na zuba daga rufin ɗakin, amma duk inda mutum ya taka sai ruwan wurin ya tsaya, ya wuce bai jiƙe ba. Kyamarori ke ganin mutum, kwamfuta kuma ta tsai da ruwan. Tun 2018 akwai irinsa a Sharja, kusa da Dubai. Wannan ita ce fasaha mai amsa wa mai kallo.

To, irin wannan aiki ba sai a Landan ba. A ce ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda sun haɗa mana allon kallo a zauren makarantarmu. Idan yaro ya taɓa hoton kalangu, sai ya ji kiɗa. Idan ya taɓa hoton jirgin ƙasa, sai ya ga tashar Ƙaura. Ɗaliban sun koma makaranta, ba mai zama gadi. Wa zai kashe kwamfutar da yamma?

Wani zai ce a bar ta a kunne. Bari mu yi lissafi. A ce tana shan wat 60 tare da allonta. Daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 8 na safe awa 14 ne. 60 sau 14 ya zama 840. Batir mai bolt 12 da amfa 100 yana ɗauke da 1,200, kuma irin na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, watau 600. Ashe dare ɗaya ya isa ya wahalar da batir, alhali ba mai kallo. In aka yi ta haka, batir ya mutu da wuri, kuɗin jama'a ya tafi.

Wani kuma zai ce a zare waya kawai. Wannan ma kuskure ne. Kwamfuta tana rubuce-rubuce a cikin ma'ajiyarta kusan kowane lokaci. In wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, rubutun na iya lalacewa, da safe ta ƙi tashi. Mai kanti ba ya kulle ƙofa sai ya ƙirga kuɗi ya rufe littafi. Haka kwamfuta take bukata.

Ga yadda ake yi, daki-daki.

Na ɗaya, mu gyara agogon kwamfuta. A cikinta akwai ɗan batir kamar kwabo, shi ke riƙe lokaci. In ya tsufa, agogo ya rikice, sai a sake shi.

Na biyu, mu ba ta umurni. A cikin Windows akwai sashe mai tsara ayyuka bisa lokaci. Can ake rubuta cewa kullum ƙarfe 6 na yamma ta rufe ayyukanta ta kashe kanta. Wayoyi da yawa irin su Tecno da Itel suna da wannan tsari, mu duba mu gani.

Na uku, mu sa soket mai agogo a bango. Shi zai yanke wuta ƙarfe 6 da kwata. Mu lura da kyau: kwamfuta ta fara kwanciya, sa'an nan wuta ta yanke. In aka juya, an yi aikin banza.

Na huɗu, mu shirya safiya. Soket ya maido wuta ƙarfe 8. A saita kwamfuta ta tashi da zarar wuta ta zo, hotuna su buɗe da kansu. Kayan sammako da maraice akan ɗaure su.

Na biyar, mu gwada kwana uku a jere kafin masu haɗawa su tafi. Mu rubuta lokutan a takarda, mu manna a bango. Mu zaɓi mutum ɗaya ya riƙa leƙawa kowace Jumma'a, ya goge ƙura, ya duba agogo. Ga amfanin karatu ke nan, gama wanda bai iya karatu ba, ba zai san ko agogo ya saɓa wa takarda ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a zare waya kwamfuta na aiki?
2. Wanne ake fara yi, kashe kwamfuta ko yanke wuta?
3. In na'ura na shan wat 40, nawa za ta sha cikin awa 14?
4. Mu rubuta sunayen abubuwa uku a garinmu masu kunna kansu.