Ka Sayi Mota Ta Intanet? Ga Yadda Za Ka Duba Ta Da Wayarka Kafin Ka Sa Hannu

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma a yau matasa da yawa a cikin waya suke sayen mota. Wani ya gan ta a Facebook ko Jiji a hannun dila a Legas, wani kuma wakili ne ya ciyo masa gwanjonta a Copart ko IAA ta ƙasar Amurka. Hotuna ashirin, bidiyo guda, sai a tura kuɗi. Bayan makonni ko watanni direban tirela ya kira ya ce ya iso.

Wannan lokacin, daga tsayawar tirela zuwa sa hannunka a takardar karɓar kaya, shi ne lokacin da maganarka take da ƙarfi. Da zarar ka sa hannu, ka cika wa direba kuɗinsa ya tafi, duk abin da ka gano daga baya zai koma "ai lafiya lau na ba ka ita". A wannan darasi za mu ga yadda za ka yi amfani da wayarka da wasu ƙananan na'urori wajen amsa tambayoyi uku: shin ita ce motar da na biya? Ta samu rauni a hanya? Akwai abin da mai sayarwa ya ɓoye? Ka raba su, domin kowace tambaya akwai wanda za ka kama da ita. Raunin hanya na mai dako ne, ɓoyayyen aibi kuma na mai sayarwa.

Shiri tun kafin motar ta taso

Ranar da za a ɗora motar a tirela, ka sa a ɗauko maka hotunanta ta kowane gefe, da hoton dashbod mai nuna adadin tafiyarta, da hoton lambar shasi. Ka ce a turo su ta WhatsApp a matsayin fayil, wato ta wajen da ake tura takardu. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana matse shi, ƙaramin karce ya ɓace, bayanan ranar ɗauka ma su goge. Waɗannan hotuna su ne shaidarka idan gardama ta taso.

Ka yi yarjejeniya cewa ba za ka cika kuɗin dako ba sai ka duba motar. Ka kuma nemi a sauke ta da rana, a fili. Motar da aka sauke bayan magariba kowa ya gan ta zai ce sabuwa ce.

Abubuwan da za ka tanada: waya mai cikakken caji da wurin ajiyar bidiyo, na'urar OBD2, ƙaramin maganaɗisu, farin ƙyalle, ruwa a galan, da bakanike naka na kanka, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa.

Mataki na 1: Bidiyo tun tana kan tirela

Kada ka bari a kwance ta sai ka fara ɗaukar bidiyo. Ka fara da lambar tirelar, ka faɗi rana da lokaci da bakinka, sannan ka zagaya motar ba tare da ka yanke ɗaukar ba. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma raunin hanya yana da wuraren da ya saba fitowa: ƙasan bamba inda take gogar matakala wajen hawa da sauka, rufin mota inda reshen bishiya ko ƙarfen bene na sama yake taɓawa, gilashin gaba da tsakuwa ke fasawa, da gefen wili inda aka ɗaure sarƙa. Idan a ƙasa aka ɗora taka, duba ko mai ko ruwan birki na motar da ke sama ya ɗiga a fentinta, domin ruwan birki yana cin fenti.

Ƙura tana rufe karce. Bayan an sauke ta, ka zuba ruwa a inda kake shakka, ka kwatanta da hotunan ranar lodi.

Mataki na 2: Ita ce kuwa?

Lambar shasi, wadda ake kira VIN, ita ce katin shaidar mota. Tun daga shekarar 1981 aka daidaita ta ta zama haruffa da lambobi 17, kuma babu harafin I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. Dole waɗannan biyu su yi daidai da abin da ke cikin takardun kwastan da rasidinka, harafi da harafi. Idan takardar ƙofa ta nuna alamar an ɓamɓare an sake mannawa, ko ƙusoshin farantin gilashi sun nuna an taɓa su, ka dakata.

Lambar tana magana. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya ta Kudu, W Jamus. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, harafi na 10 shi ne shekarar samfurin: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Wannan yana da amfani sosai a kasuwarmu, inda ake canza wa mota fitilu da bamba a sayar da ita da sunan sabuwar shekara. Idan an ce maka 2015 ce, ka ga harafi na 10 C ne, 2012 ka saya.

Daga nan sai ka buɗe burauza. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana fassara VIN kyauta, ya gaya maka samfurin da girman injin, ya kuma nuna ko akwai gyaran da kamfani ya kira motar a yi mata ba a yi ba, kamar matsalar jakar iska ta Takata da ta shafi miliyoyin motoci. Shafin NICB yana da VINCheck, shi ma kyauta, mai nuna ko kamfanonin inshorar da ke cikin tsarin sun ba da rahoton an sace motar ko ta lalace har an fid da rai da ita. Carfax da AutoCheck na kuɗi ne, suna kawo tarihin haɗari da adadin tafiyar da aka rubuta a lokuta daban-daban. Akwai kuma dabara mai sauƙi: rubuta VIN ɗin a Google ka duba ɓangaren hotuna. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan, ka ga motar yadda take kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta. Waɗannan shafuka galibi na motocin Amurka ne.

Ka lura da awon tafiya. Motar Amurka da mil take lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mil 100,000 ya kai kilomita 160,000. Idan tarihin ya nuna mil 170,000 shekara biyu da suka wuce, yau kuma dashbod yana nuna 90,000, an mayar da agogo baya.

Mataki na 3: Jikin mota

Ka tsaya a kusurwa ka kalli gefen motar a tsaye, hasken rana zai nuna maka inda fenti ya yi kumburi ko launinsa ya bambanta. Duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet da but, hagu da dama su zama ɗaya. Buɗe bonet ka kalli notocin da suka riƙe shi da modigad, idan fentin kansu ya kankare, sifana ta taɓa su.

Ka naɗe maganaɗisu da ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa alhali maƙwabcinsa ya kama, an cika wurin da fila. Amma ka sani ba ya kama roba ko alminiyum, kuma wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyum ne. Idan kana da na'urar awon kaurin fenti ta fi dacewa: ka auna rufi, ka auna sauran wurare, duk inda ya ninka na rufi sau biyu ko uku an sake masa fenti.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekara. 3519 na nufin mako na 35 a shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba tana iya fashewa a zafin kwaltarmu.

Mataki na 4: Alamar ambaliya

Bayan kowace babbar guguwa a Amurka, irin Katrina ta 2005 da Harvey ta 2017, motocin da ruwa ya shanye suna cika filayen gwanjo, wasu kuma su tsallako teku. Jikinsu sumul, amma wayoyin lantarkinsu suna ruɓewa a hankali. Ka rufe gilasai na ɗan lokaci ka shiga ka shaƙa. Warin rima, ko turaren da ya yi yawa, abin lura ne. Kunna tocilar waya ka haska ƙarƙashin kujeru ka ga ko ƙarfen da suke gudu a kai ya yi tsatsa. Ja bel har ƙarshensa ka nemi layin ruwa ko laka. Ɗaga shimfiɗar but ka duba ramin safaya. Busasshen yashi a irin waɗannan lunguna ba ƙurar hanya ba ce.

Mataki na 5: Tambayi kwamfutar motar

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da kafar OBD2 mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Motocin fetur na Turai sun bi sahu daga 2001. Ƙaramar na'ura irin ELM327 tana shiga kafar ta haɗu da waya. Masu Android za su iya amfani da Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi na'ura mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin masu arhar nan na tsohon Bluetooth ba sa haɗuwa da ita.

Kafin ka tayar da injin, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa. Fitilar injin da ta ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu daga baya. Wadda ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an rufe ta don kada ta tona asiri.

Sai ka karanta lambobin matsala. P0300 na nufin injin yana tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a cakuɗin. P0420 yana nuni ga na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda bakanikenmu ke kira indomi. Ana yawan sace ta saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, don haka ka sa bakanike ya leƙa ƙasa ya ga ko akwai sabon walda a wurin.

Rashin lambar matsala ba ya nufin lafiya. Ana iya goge su cikin daƙiƙa biyar. Nemi shafin da manhajar ke nuna gwaje-gwajen da kwamfutar motar take yi wa kanta, da nisan tafiyar da aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan gwaje-gwajen ba su kammala ba, nisan kuma 'yan kilomita ne, ba a daɗe da sharewa ba. Kada ka yi saurin zargi, cire batir a jirgin ruwa ma yana jawo haka. Abin yi shi ne ka tuƙa ta kwana biyu ko uku ka sake dubawa. Ka kuma sani ƙananan na'urorin nan galibi injin kawai suke karantawa. Jakar iska da ABS da giya sai babbar na'urar bakanike.

Manhajar tana nuna ƙarfin batir. Kimanin bolt 12.6 a kashe, da 13.7 zuwa 14.7 idan injin yana aiki, shi ne daidai.

Mataki na 6: Injin da gwajin tuƙi

Taɓa bonet ka tabbatar injin a sanyaye yake, domin a tashin farko ne ake jin ƙarar da ɗumi ke ɓoyewa. Zaro sandar baƙin mai ka goga a farin ƙyalle. Idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa yana haɗuwa da mai. Shuɗin hayaƙi na nufin injin yana shan mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa kuma alamar gasket ce. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi.

Ka tuƙa ta minti ashirin da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, idonka a kan allurar zafi. Ji yadda giya take shiga, taka birki ka ga ko tana ja gefe. Gwada gilasai, fitilu, kyamarar baya da duk makullan da aka ba ka. Ƙirga safaya da jak da sifanar taya.

Mataki na 7: Takarda kafin sa hannu

Duk raunin da ka gani ka rubuta shi a kan takardar karɓar kaya, dalla-dalla: "karce mai tsawon tafin hannu a ƙofar baya ta dama". Direba ya sa hannu a gefen rubutun, ka ɗauki hoton takardar. Nan take ka tura hotuna da bidiyo ga kamfanin dakon da mai sayarwa a rubuce, domin kiran waya ba ya barin shaida. Ka ajiye kwafi a Google Drive ko iCloud.

Idan VIN bai yi daidai da takardu ba, kada ka karɓi motar. Takardun kwastan kuma ka kai su ofishin kwastan a tantance kafin ka yi rajista, domin motar da ba a biya mata haraji daidai ba ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ke shan wahalar.

Direba zai ce yana sauri, akwai sauran motocin da zai sauke. Ka ba shi haƙuri, ka saya masa ruwan sanyi, ka gama dubawarka. Duk aikin nan bai fi awa ɗaya ba.