DARASI: Bam Ɗin Hiroshima a Ma'aunin Shari'a

  

Ya 'yan'uwa matasa, duk wanda ya san Ankara ya san Burma Camp, amma ba kowa ya san asalin sunan ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun kwashi sojoji daga ƙasar nan da Najeriya da Saliyo da Gambiya zuwa dajin Bama, su yaƙi Jafan. Cikinsu akwai kakannin wasunmu. To yaƙin nan bai ƙare ba sai bayan da Amurka ta jefa makamin ƙare dangi a kan Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, da Nagasaki ranar 9 ga wata. Kafin ƙarshen shekara mutum wajen 140,000 sun mutu a garin farko, wajen 70,000 a na biyu. Ranar 15 ga Agusta Sarki Hirohito ya sanar da miƙa wuya, daga baya tsofaffinmu suka dawo gida. Tambayar darasinmu ita ce: abin da aka yi ya halatta?

Adalci ne mu fara jin hujjar waɗanda suka jefa. Shugaba Truman da mutanensa suka ce Jafan ta ƙi sauraron gargaɗin Potsdam na 26 ga Yuli. A tsibirin Okinawa kaɗai Amurka ta rasa soja sama da 12,000, farar hula kuwa dubun-dubata suka hallaka. Suka ce in ƙaramin tsibiri ya ci haka, ina ga shiga ƙasar kanta? Kuma kowane wata yaƙin ya ƙara, mutane na ta mutuwa a Sin da sauran ƙasashen da Jafan ta mamaye. Wannan ba hujjar wasa ba ce, kada wani ya raina ta.

Sai dai Musulunci ba ya fara awo da ƙidayar gawa, yana farawa ne da tambayar wa aka nufa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an sami wata mace kashe a ɗaya daga yaƙoƙin Annabi (S.A.W.), sai ya hana kashe mata da yara. A Muwaɗɗa Malik, wadda malamanmu na zongo ke karantarwa a zaure, Sayyidina Abubakar ya yi wa kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan wasiyya kada ya taɓa mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada ya sare itace mai 'ya'ya, kada ya rushe gari. Ku dubi Hiroshima. Gaskiya ne akwai hedkwatar soja a cikinta. Amma wata gada ce a tsakiyar gari aka saita, da ƙarfe 8:15 na safe, lokacin da dubban 'yan makaranta ke waje suna aikin rushe gidaje don tare gobara. Mafi yawan waɗanda suka mutu ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Wani mai karatu zai ce: ai an ruwaito an kafa majanik, wato babbar majaujawa, a kan ganuwar Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan Hijira, kuma dutse ba ya tantance mayaƙi. Haka ne, kuma daga nan malamai suka sauƙaƙa a kan abin da ya auku ba da nufi ba. Amma wanda ya nufi ganuwa dutse ya kauce daban yake da wanda ya nufi jama'ar gari don firgicin mutuwarsu ya karya zuciyar sarkinsu.

Saura hujjar larura. Imam Gazali, a littafinsa Almustasfa, da ya zo kan mas'alar abokan gaba da suka yi garkuwa da fursunoni Musulmi, ya gindaya sharaɗi uku: abin ya zama larura, ya zama tabbas, ya kuma shafi al'umma gaba ɗaya. To ina tabbas a nan? A watan Yuni 1945 wasu masanan da suka ƙera bam ɗin sun ba da shawara a fara gwada shi a wurin da ba kowa, duniya ta gani. Ba a yi ba. Rasha ta shelanta yaƙi a kan Jafan ranar 8 ga Agusta, ba a jira an ga tasirin haka ba, washegari aka ƙone Nagasaki. Admiral Leahy, babban hafsan Truman, ya rubuta a 1950 cewa makamin bai taimaka da wani abin kirki ba. Sarkin da Jafanawa suka dage a bar musu, a ƙarshe an bar shi a gadonsa har ya mutu a 1989. A fahimtata, abin da masana tarihi ke jayayya a kansa har yau ba za a kira shi tabbas ba.

A zaman halka mai zuwa kowa ya zo da amsarsa a rubuce: da a ce an tabbatar maka kakanka ba zai dawo daga Bama ba sai an ƙone Nagasaki, me za ka ce, kuma da wane dalili? Ni ma nawa kakan yana can. Allah ne Masani.